Tsarabar Turkiyya: yadda za ka gane aikin hannu kafin ka biya kuɗi

Malam, ka ce za ku yi 'yan kwanaki a Istanbul kai da iyalinka, kuma kana son tsarabar da ta amsa sunan ta Turkiyya. Ka tambayi abin da ya dace da Baba da Hajiya da abokai, inda ake samunsa, da yadda mutum zai kauce wa jabu. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Na daɗe ina harkar sayen kayan hannu a wannan ƙasa, kuma abin da nake fara gaya wa duk mai irin tambayarka shi ne, kowace sana'a a Turkiyya tana da garinta. Tangaran na Kutahya da Iznik ne, tagulla ta Gaziantep ce, tawul na Denizli, alharini na Bursa, baƙin carbi na Erzurum, azurfar saƙa ta Mardin. Istanbul kasuwa ce da ake kawo su duka, a jera su tare da kayan inji da waɗanda aka shigo da su daga wasu ƙasashe, wani lokacin a kan kanta ɗaya. Saboda haka duk abin da ka ɗauka, ka tambayi garin da aka yi shi, sannan ka juya bayansa ka duba da idonka. Ka sayi kaɗan masu kyau. Darduma ɗaya ƙarama da hannu ya ƙulla ta fi akwati guda na tarkacen da za su koɗe kafin shekara ta zagayo.

Kada ka fara da kasuwa. Ka ba da rabin yini ga wurare biyu da za su gyara maka ido. Na farko gidan tarihin fasahar Turkawa da Musulunci da ke dandalin Sultanahmet, a tsohon gidan Ibrahim Pasha. A nan za ka ga dardumomin zamanin Saljukawa na ƙarni na 13 da aka samo daga masallacin Ala'uddin na Konya, da waɗanda suka biyo bayansu a zamanin Daular Usmaniyya. Na biyu masallacin Rustem Pasha, wanda magini Sinan ya tsara a ƙarni na 16. Yana kusa da Kasuwar Masar, wata rufaffiyar kasuwar kayan yaji da kayan ci, a saman wasu shaguna, sai ka hau matakala kafin ka shiga. Bangonsa na ciki da na barandar gabansa lulluɓe yake da tayil ɗin Iznik na zamanin da sana'ar ta kai ƙololuwa. Wanda ya yi salla a ciki ya ƙare wa jan launin nan da shuɗin kallo, da wuya a sayar masa da farantin da aka buga wa zane da inji.

Daga nan sai Kapali Carshi, rufaffiyar kasuwar da baƙi ke kira Grand Bazaar. An fara gina ta jim kaɗan bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, kuma yau tana da layuka 61 da shaguna kimanin dubu huɗu. Ba ta ci ranar Lahadi da ranakun Salla. Manyan layukan da ke kusa da ƙofofi su ne mafi tsadar haya, don haka su ne mafi tsadar kaya. Ka kutsa lungunan ciki da tsofaffin masaukan fatake da ke manne da kasuwar, inda har yanzu za ka ji ƙarar guduma ka tarar da maƙeri a bakin aiki. Idan hayaniya ta yi wa iyali yawa, akwai kasuwar Arasta a bayan Masallacin Sultan Ahmed, layi ɗaya ce mai natsuwa. Laleli da Merter da Osmanbey kuwa, inda 'yan kasuwarmu ke saro abaya da kwat da takalma, wuraren sari ne na kayan masana'anta. Suna da amfaninsu, amma ba can ake neman aikin hannu ba.

Bari in daɗe a kan darduma, domin ita ce ta fi cin kuɗi kuma a kanta aka fi yin ha'inci. Iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai gashi, wadda ake ƙulla zaren ulu ko na alharini ɗaya bayan ɗaya a jikin zaren tsaye, su ce mata hali. Akwai kuma kilim, shimfiɗaɗɗiyar saƙa marar gashi, mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Ƙullin Turkawa, wanda ake jingina wa garin Gordes, yana naɗe zare biyu na tsaye daidai wa daida, saɓanin na Farisa da ke naɗe ɗaya ya ratsa ta bayan ɗayan. Wannan ne ya sa dardumar Turkawa ke da ƙarko sosai, kuma zanenta a ƙauyuka ya fi karkata ga kusurwoyi da layuka. Garuruwan Ushak, Bergama, Milas, Konya, Kayseri, kowanne da zanensa da launinsa. Milas ta yi suna a kan sallaya mai siffar mihrabi, da launin ɗorawa da ja mai duhu. Hereke, wani gari a gabashin Istanbul, nan Sultan Abdulmajid ya kafa masaƙar fada a 1843, aka fara saƙa darduma a cikinta a 1891. Dardumar alharini ta Hereke tana da ƙulli ɗari a kowace murabba'in santimita, wato miliyan guda a murabba'in mita, wasu ma sun fi haka. Ka lissafa watannin da mace ɗaya za ta yi zaune gaban masaƙa tana wannan ƙulli. Idan aka taya maka irinta da kuɗin da bai kai na wayar hannu ba, ka san ba ita ba ce. Da yawa daga abin da ake kira alharinin Hereke a shagunan baƙi auduga ce da aka gyara da sinadari ta yi sheƙi, ko zaren roba, ko kuma saƙar wata ƙasa da aka kwaikwayi zanen.

Ga yadda nake dubawa. Ina juya bayanta. A ta hannu zanen yana fitowa a baya tsaf kamar a gaba, kana iya ƙirga ƙullin, kuma layukan ba su miƙe sak kamar an ja su da rula ba. Ta inji bayanta sumul take, wani lokacin da shafen danƙo. Sai in duba gezar bakinta. A ta hannu gezar ci gaban zaren tsaye ce, daga jikin dardumar ta fito, a ta inji ɗinka ta ake yi daga baya. Sai in jiƙa farin ƙyalle in goga a kan jan wurin, idan launi ya biyo ƙyallen to rinin bai kama ba. Idan an ce alharini ce, ina roƙon a zare silin zare ɗaya a ƙona. Alharini yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Mai kaya na gari ba ya jin haushin wannan gwaji, sau da yawa shi ke fara miƙo ashana.

Akwai abin da baƙo ke ɗauka aibi ne alhali shaida ce ta gaskiya. Za ka ga launi ɗaya, a ce shuɗi, ya ɗan sauya daga wani sashe zuwa wani. Ulun ne aka rina a tukunya dabam-dabam, kamar dai yadda turmi biyu da suka fito daga karofin Ƙofar Mata ba sa zama iri ɗaya sak. Jan launinsu na gargajiya daga saiwar wani tsiro ake samunsa, shuɗin kuma daga shuni. Rinin kanti ya kusa kashe wannan ilimi, har sai da aka kafa shirin farfaɗo da rinin itace mai suna DOBAG a 1981 tare da Jami'ar Marmara da wani masanin sinadarai Bajamushe, Harald Böhmer, aka koma koya wa matan ƙauyukan Ayvajik da Yuntdag rinin kakanninsu. Shi ya sa yau ake samun sabuwar darduma mai rinin itace.

Ga Baba, ni dai ƙaramar sallaya ta ulu ƙullin hannu zan zaɓa, ko kilim daidai tsawon salla. Tana naɗuwa ta shiga akwati, kuma za a gāje ta. Sallayar nan mai laushi ta inji da alhazai ke kawowa, kana samunta a Kantin Kwari, kada ka ɓata kilonka a kanta. Idan aljihu bai kai darduma ba, ka sayi rigunan matashin kujera da ake yankowa daga kilim. Aikin hannu ne na gaske, ba nauyi, kuma uwargida za ta ji daɗinsu a falo.

A nan dole in ja kunnenka kan doka, domin abin ba wasa ba ne. Turkiyya tana da doka mai lamba 2863 ta shekarar 1983 da ta haramta fitar da kayan tarihi daga ƙasar, kuma hukuncin fitar da su yana kaiwa ɗaurin shekara biyar zuwa goma sha biyu. Tsohon kwabo, tsohon littafin da aka rubuta da hannu, gutsuren tayil, tsohuwar darduma, har dutsen da yaro zai tsinta a kufai ya jefa a jaka, duk suna iya jawo a tsare mutum a filin jirgi. An sha tsare baƙi a kan dutse kawai. Idan wani ya ja ka gefe ya nuna maka kwabon zamanin Rumawa, ka wuce. In jabu ne ka yi asarar kuɗi, in na gaske ne ka sayi fitina. Duk abin da ya yi kama da tsohon kaya, mai shago ya nemo maka takardar gidan tarihi da ta ce ana iya fita da shi. Ga baƙo mai 'yan kwanaki, sabon aikin hannu da rasit ɗinsa ya fi kwanciyar hankali.

Sai tangaran. Na Iznik na asali ba yumɓu ne zalla ba, mafi yawansa garin farin dutse ne mai kama da gilashi, shi ya sa farinsa ke haske launukan su fito tar. Jan launin nan mai tudu, wanda za ka ji shi a yatsa idan ka shafa, a tsakiyar ƙarni na 16 suka ƙware a kansa. Masallacin Sultan Ahmed kaɗai yana da irin wannan tayil fiye da dubu ashirin. Bayan ƙarni na 17 sana'ar ta durƙushe a Iznik, Kutahya ta ci gaba da riƙe ta, sai a 1993 aka kafa wata gidauniya a Iznik don farfaɗo da tsohuwar hanyar. A 2016 UNESCO ta sa wannan sana'a a jerin al'adun gadon ɗan Adam. Yawancin farantai da kwanonin da za ka gani a kasuwa daga Kutahya suke, da farin yumɓu, kuma babu laifi a hakan muddin da sunan Kutahya aka sayar maka kuma da kuɗinta. Na dutse ya fi nauyi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ka ɗauki faranti biyu masu zane ɗaya ka jera. Idan hannu ne ya zana, ganye zai ɗan bambanta da ɗan'uwansa, za ka ga sawun buroshi, a ƙasa kuma sau da yawa akwai sa hannun mai zanen. Idan komai ya zo ɗaya babu ko ɗigo, bugawa aka yi. Abu ɗaya da nake so ka riƙe saboda yara: wasu kwanonin ado masu launi mai ƙarfi akwai dalma a shafensu. Ka tambaya ko na cin abinci ne. Idan ba a ba ka amsa mai gamsarwa ba, a rataye shi a bango ko a sa a kabad, kada a zuba masa miya ko wani abu mai tsami. Idan tafiyarku ta kai yankin Kapadokiya, garin Avanos yana da nasa tukwanen na jar ƙasar kogin Kizilirmak, kuma maginan suna barin baƙo ya zauna ya gwada juya yumɓun, abin da yara ba sa mantawa.

Carbi shi ne tsarabar da ta fi dacewa da mu, ga sauƙin ɗauka ga amfani kullum. Turkawa sun mayar da yinsa sana'a mai zurfi, akwai masu gwaninta da ake sanin aikinsu daga yadda suka fere limamin carbin. Akwai mai ƙwaya 33 da mai 99. Wanda na fi so shi ne na dutsen Oltu, daga lardin Erzurum. Baƙi ne wuluk, marar nauyi, yana da taushi lokacin da aka haƙo shi sai ya taurare idan ya sha iska, kuma yawan ja yana ƙara masa sheƙi. Wasu ana dasa musu ɗigon azurfa. Ana kwaikwayonsa da roba da kuma wani baƙin dutse mai araha da ake shigowa da shi daga maƙwabta. Na gaske idan aka ɗan kankare shi garin da ke fita ruwan ƙasa ne, kuma ba ya da sanyin gilashi a hannu. Sai kehribar, ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da ya zama kamar dutse. A nan ka buɗe kunne. Wanda suke kira damla kehribar shi ne na halitta. Wanda suke kira sikma kehribar, duk da sunan, haɗi ne na masana'anta. Yana da kyau, Turkawa da kansu suna sonsa suna tara shi, amma kada ka biya kuɗin na halitta a kansa. Akwai kuma na kuka, wanda ba kukarmu ba ce, ƙwallon wani irin kwakwa ne mai tauri da ke yin duhu da sheƙi in ya daɗe a hannu. Ga abokai da malamai, na itacen zaitun ko na kuka ya wadatar, na Oltu mai azurfa kuma a ajiye wa Baba ko surukinka.

Abin da ba zan ba ka shawarar saye ba shi ne shuɗin dutsen nan mai siffar ido da za ka gani rataye a ko'ina, a tasi, a ƙofar shago, a wuyan jarirai. Nazar bonjugu suke ce masa, gilashi ne da ake narkawa da hannu a wasu ƙauyukan Izmir, kuma ana rataya shi ne don maganin kambun baka da mugun ido. Hukumar addini ta ƙasar da kanta, Diyanet, ta bayyana a 2021 cewa bai halatta a dogara da shi don neman kariya ba. Ka san yadda za a karɓe shi a gida idan ka kai wa Hajiya. Matsalar ita ce ana liƙa shi a jikin abubuwa da yawa, maɓallin makulli, munduwa, har jakar da za a sa maka kaya, don haka ka duba kafin a naɗe.

Maimakonsa ka nemi rubutun hannu. Turkawa sun bar haruffan Larabci a rubutun yau da kullum tun 1928, amma fasahar rubutun Alƙur'ani ba ta yanke ba. Silsilar ta taso daga irin su Shaihu Hamdullah, wanda ya rasu a 1520, da Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, kuma har gobe ɗalibi yana shekaru gaban malami kafin a ba shi ijaza ya fara sa sunansa a ƙasan aikinsa. UNESCO ta amince da wannan fasaha a 2021. Tana tafiya da ebru, zanen da ake yi a kan ruwa. Ana kaɗa ruwa da wani ƙaro ya yi kauri, a haɗa launi da ruwan maɗaciyar shanu don ya bazu bai nutse ba, a yayyafa da buroshin gashin doki da aka ɗaure a reshen wardi, a ja zanen da tsinke, sannan a kifa takarda ta kwashe shi. Takarda ɗaya tak ake samu daga kowane zane, babu ta biyu irinta. Shi ma yana jerin UNESCO tun 2014. Ka je madarasar Jafar Aga kusa da Aya Sofiya, ginin Sinan ne na 1559 da aka mayar cibiyar sana'o'in hannu, za ka ga ana yi a gabanka. Kasuwar littattafai ta Sahaflar da ke gefen masallacin Beyazit ma ana samu, sai dai akwai bugun inji da yawa a cikinsu. Ka karkata takardar ga haske. Tawadar hannu tana da kauri a wani wuri da sirantaka a wani, bugu kuwa lebur yake. Ka saya ba firam, a naɗe maka a kwali mai siffar bututu, ka sa firam a gida. In aya ce a jiki, ka ɗora ta a saman kaya ko ka riƙe a hannu.

Tagulla kuwa, asalin gidanta kasuwar maƙera ta Gaziantep, amma ana samun aikinsu a Istanbul. Abin da ya fi amfani shi ne jezve, ɗan tukunyar dafa gahawa mai dogon mariƙi, da tire da ƙananan kwanoni. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba sawun guduma, na hannu ba ya jeruwa daidai. Cikin duk abin da za a dafa abinci ko a sha wani abu da shi dole ya zama an shafe shi da kuza ya yi fari, domin tsurar tagulla tana illa idan ta haɗu da tsami. Shafen yana cinyewa da amfani, in ja ya fara leƙowa sai a sake. Saitin shayin nan masu ruwan gwal da duwatsu da ake cewa na sarakunan Usmaniyya, zubi ne na ƙarfe mai araha, ado ne kawai. Gaziantep da maƙwabtanta Marash da Hatay sun sha wuya a girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, masu sana'a da yawa sun rasa shaguna da 'yan'uwa. Ni idan na samu aikin da aka tabbatar mini daga can ya fito, ko tagulla, ko takalmin fata da suke kira yemeni, ko sabulun Antakya, ba na matsa wa ciniki sosai.

Ga uwargida da Hajiya, zaɓi yana da yawa. Peshtemal siririn tawul ne na auduga da ake saƙawa a Buldan ta lardin Denizli, yana shan ruwa ya bushe da wuri, ya dace da zafinmu, kuma goma ba su kai nauyin bargo ɗaya ba. Akwai ɗankwalin yazma mai bugun katako, wanda Tokat ta shahara da shi, da ake yi wa baki da oya, wani ɗinkin allura na ƙananan furanni da mata ke yi a gida. A ƙauyuka har saƙo ake aikawa da shi, amaryar da ta sa mai siffar barkono an san ba ta jin daɗin gidan miji. Mayafin alharini sai Bursa, a tsohuwar kasuwar alharini ta Koza Han da aka gina a 1491, ana zuwa ta jirgin ruwa da mota daga Istanbul a dawo a yini guda. Ko a can ma ka duba takardar jikin mayafin, akwai na roba a tsakani. Azurfa kuma ka nemi telkari, saƙar siririyar waya ta Midyat da Mardin, ka tabbatar da hatimin 925. Idan zinare za a saya, ka san cewa 22 ayar, wato karat 22, shi ne mai hatimin 916, 14 ayar kuma 585. A auna a gabanka, a gaya maka kuɗin giram na ranar dabam, ladan aiki dabam, a rubuta duka a rasit.

Fitilun nan na gutsattsarin gilashi masu launi suna da kyau, amma sabon abu ne da aka ƙirƙira don baƙi, ga fashewa ga cin wuri. In ka saya, wutarsu ta yi daidai da tamu, sai dai bakin soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne. Mutumin Yamai ko Maraɗi zai soka kai tsaye, na Kano sai ya nemi adafta.

Kayan ci sai Kasuwar Masar da ke Eminonu, ginin shekarun 1660, ko da yake layukan da ke bayanta, inda 'yan gari ke sayayya, sun fi araha. Lokum, alewar sitaci da sukari, ka saya wadda ake yanka a gabanka bayan ka ɗanɗana, ka bar ta kwali mai hoto wadda rabinta iska ce da garin sukari. Shagon Haji Bekir yana wannan sana'a tun 1777. Garin gahawa akwai na Kurukahveci Mehmet Efendi, tun 1871, ƙamshinsa da layin mutane za su nuna maka wurin. Shayin gaske baƙin ganyen Rize ne, garin da ake kira shayin tuffa kuwa sukari ne da ɗanɗano. Ka yi hattara da za'afaran mai araha da ake tarawa tsibi a ce na Turkiyya ne, furen wani tsiro ne dabam mai ruwan lemo. Na gaske siraran jajayen zaruruwa ne masu buɗaɗɗen kai, a giram ake sayarwa, kuma a hankali suke sakin launin ɗorawa a ruwa. Man wardi na Isparta sai an tatsi fure tan uku zuwa huɗu kafin a samu kilo ɗaya, saboda haka babbar kwalba mai araha sirki ce. Kolonya da za a riƙa zuba muku a hannu a gidajen abinci yawancinta sinadarin barasa ne, na faɗa don wanda yake kauce wa irin wannan turare.

Ciniki ba sai na koya wa Bahaushe ba. Zan dai ƙara abin da ya bambanta. Za a ba ka kujera da shayi, karamci ne na al'ada, shan sa bai wajabta maka saye ba. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar ɗauka, domin idan ya sallama ka tashi, ka ci fuskarsa. Ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka buɗe baki. Wanda ya tare ka a hanya ya ce zai kai ka shagon ɗan'uwansa, ko ɗan jagoran da ya tsayar da mota a wata masana'antar darduma, la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. A shagunan da aka liƙa farashi, da wurin masu sana'a da ke sayar da aikinsu da kansu, ragin kaɗan ne, kuma bai kamata a matsa ba. Darajar lira, kuɗin ƙasar, tana yawan sauyawa, shi ya sa za ka ji ana faɗin kuɗin darduma da dala ko yuro. Ka tabbatar da wane kuɗi ake magana tun farko, kuma in da kati za ka biya ka karanta adadin da nau'in kuɗin a jikin na'urar kafin ka danna lambobinka.

A kan babban kaya ka karɓi rasit mai sunan shago da adireshi, a rubuta abin da aka yi kayan da shi, garin da aka yi shi, girmansa, da cewa sabo ne. Wasu shagunan suna da alamar mayar da haraji ga baƙi, sai ka nuna fasfo a cika maka takarda, kwastan su buga hatimi a filin jirgi kafin ka miƙa akwatin, don suna iya cewa a nuna musu kayan. Idan mai darduma ya ce zai aiko maka ta jirgi, ni na fi son ka ɗauko abarka da kanka. In ba yadda za a yi, ka sa hannu a bayanta da alƙalami, ka ɗauki hotonta gaba da baya tare da rasit. Tangaran a naɗe shi a cikin peshtemal ɗin da ka saya ya shiga jakar hannu. Wuƙa, almakashi, zuma, man zaitun da duk ruwan da ya wuce mililita 100 su tafi babban akwati. Ka duba kilon da tikitinku ya ba ku tun kafin ranar kasuwa, domin tagulla da darduma da lokum suna da nauyi fiye da yadda ido ke nunawa.